Ɗalibi Ya Fahimci Lissafi Ko Haddacewa Ya Yi? Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Aunawa a Manyan Makarantu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗalibai da iyaye da sababbin malamai a nan Jos, musamman idan aka kafe sakamakon lissafi a allon sanarwa. Wasu daga 'yan jami'a ne na Naraguta da Titin Bauchi, wasu daga 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi da kwalejin ilimi ta Gindiri. Na haɗa masu kama da juna wuri guda, na amsa su a matsayina na malamin lissafi.

Wai mene ne bambancin wanda ya iya lissafi da wanda ya iya tunani da lissafi?

Ga misali tukuna. A ce buhun dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada naira 50,000 ne. Kaya ya yi ƙaranci, farashi ya tashi da kashi 20 cikin ɗari. Bayan kwana biyu motoci suka sauko daga Bokkos da Mangu, farashi ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari. Nawa buhu yake yanzu? Da yawa cikin 'yan aji ɗaya za su ce ya koma 50,000, tunda abin da aka ƙara shi aka cire. Amsar kuwa 48,000 ce, domin ƙarin a kan 50,000 aka yi shi, ragin kuma a kan 60,000. Duk wanda ya faɗi wannan tambaya ya iya fitar da kashi 20 na kowace lamba ka ba shi. Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne, kashi 20 na me?

Wannan tsayawar ita muke son aunawa. Mai tunani da lissafi yakan gane ƙa'idar da ta dace da matsala ba tare da an nuna masa ba, ya faɗi dalilin da ya sa ta dace, ya san inda take daina aiki, idan kuma amsa ta fito ya dube ta ya ga ko ta shiga hankali. George Pólya, masanin lissafi ɗan asalin Hangare, ya kasa aikin warware matsala gida huɗu a shekarar 1945: ka fahimci abin da ake tambaya, ka tsara hanya, ka bi hanyar, sannan ka waiwaya ka duba. Galibin jarrabawowinmu mataki na uku kaɗai suke taɓawa, don malami ya riga ya yi wa ɗalibi na farko da na biyu a cikin lafazin tambayar, na huɗu kuwa babu makinsa.

Malam, yarona ya ci A1 a WAEC, ya fito da maki mai kyau a JAMB, amma ga shi da kariyoba a MTH 101, kwas ɗin lissafi na aji ɗaya a jami'a. Me ya same shi?

Alhaji, wataƙila babu abin da ya same shi. Ma'aunin ne ya sauya. A jarrabawar JAMB ana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Cikin daƙiƙa 40 ba a gina hujja, abin da ake yi shi ne a gane irin tambayar a tuna hanyarta. Yaron da ya kwana a kan tambayoyin shekarun baya zai yi fice a nan, kuma ya cancanci yabo, don aiki ya yi. Takarda ta biyu ta WAEC ta fi zurfi tunda ana rubuta matakai, sai dai ita ma nau'o'in tambayoyinta sanannu ne, malaman lesin sun san su ciki da bai.

Abin ya yi kama da direban da ya ƙware a kan hanyar Taminus zuwa Farin Gada, har ramukanta ya haddace. Ranar da aka rufe titin aka ce ya zaga, ranar za a san ko garin ya sani ko hanyar guda. Jami'a tana yawan rufe titin da gangan.

Ku zauna da shi, ku ce ya ɗauko tambaya ɗaya da ya faɗi ya yi muku bayaninta da Hausa, ko da ku ba ku san lissafin ba. Idan yana iya cewa "a nan na kauce, ga dalili," to gyara ya kusa. Idan abin da yake iya faɗa kawai shi ne "ba a yi mana irin wannan a aji ba," akwai sauran aiki, amma aiki ne da zango ɗaya yake iya gyarawa. Faɗa da gori ba sa cikin maganin.

Waɗanne irin tambayoyi ne suke tona ko akwai tunani?

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ƙananan malamai suka fi buƙatar taimako.

Akwai tambayar da amsar ƙarya take rigan ta gaskiya zuwa baki. Littafi da biro sun tashi naira 1,100, littafin ya fi biron tsada da naira 1,000. Nawa ne biron? Zuciya za ta yi wuf ta ce 100. To in biro 100 ne, littafi ya zama 1,100, jimla 1,200. Biron naira 50 ne. Wani masani a Amurka mai suna Shane Frederick ya yi amfani da irin wannan tambaya a 2005 don auna ko mutum yana dakatar da amsarsa ta farko ya bincike ta, kuma ɗaliban manyan jami'o'in can da dama sun faɗa ramin. Ƙanwarta ita ce ta mota: an tafi Bauchi da gudun kilomita 60 a awa, an dawo da gudun 40, mene ne matsakaicin gudun tafiyar duka? Ba 50 ba ne. A ɗauka nisan kilomita 120 ne: zuwa awa biyu, dawowa awa uku, kilomita 240 cikin awa biyar, wato 48. An fi daɗewa a kan gudun 40, shi ya sa ya rinjayi ma'auni.

Akwai ta mayar da magana zuwa alama. A wata makaranta ɗalibai sun ninka malamai sau shida. Rubuta wannan da D a madadin yawan ɗalibai, M a madadin yawan malamai. Daidai shi ne D = 6M. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts sun ba 'yan ajin farko na injiniya wannan tambaya, fiye da kashi ɗaya cikin uku suka kuskure, yawancinsu suka rubuta 6D = M. Sun bi jerin kalmomin jimlar ne suka zuba alamomi. Da ɗayansu ya gwada da malamai 10 ya ga lissafinsa ba ya ba da ɗalibai 60, da ya kama kansa.

Akwai ta mantiƙi zalla. Kati huɗu a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗayar. Kana ganin A, K, 4 da 7. An ce duk katin da yake da wasali, to lambar bayansa cika ce, wato mai rabuwa biyu daidai. Waɗanne katuna ne dole ka juya don ka tabbatar? Peter Wason ya fito da wannan a Ingila a 1966, kuma da yawa cikin 'yan jami'a sukan ce A da 4. Amsar A da 7 ce. Ko me ke bayan 4 ba zai karya dokar ba, amma in aka samu wasali a bayan 7 ta karye. Abin sha'awa, ka sauya wa tambayar riga ka ce doka ita ce duk wanda ke cikin ɗakin jarrabawa sai yana da katin shaida. Ga mutum huɗu: ɗaya an san yana ciki, ɗaya an san yana waje, ɗaya an san yana da kati, ɗaya an san ba shi da shi. Kusan kowa zai ce a binciki na ciki ko yana da kati, a duba marar kati ko ya shiga. Ginin tambayar ɗaya ne. Wannan yana nuna mana cewa sau da yawa tunanin yana nan, ɗauko shi zuwa duniyar alamomi ne ya gagara.

Wadda na fi so ita ce a ba ɗalibi aikin wani a ce ya nemo ɓarakar. A ce a = b. Ninka da a, ka samu a² = ab. Ɗebe b² daga kowane ɓangare, ka warware: (a + b)(a − b) = b(a − b). Soke (a − b), saura a + b = b, wato 2b = b, wato 2 = 1. Ina aka yi ha'inci? An raba da (a − b), alhali sifili ce. Hadda ba ta ceton kowa a nan, sai wanda yake bin kowane layi yana tambayar halaccinsa.

Sai kuma juya tambaya. Maimakon "warware x² − 5x + 6 = 0," ka ce "ƙirƙiro lissafi irin wannan wanda amsoshinsa 2 da 3 ne, sannan ka ƙirƙiro wani wanda amsarsa guda ɗaya ce tak, ka faɗi abin da ya bambanta su." Darasin bai sauya ba, amma abin da kake gani a takarda ya sauya gaba ɗaya.

Ajinmu ya kai ɗaruruwa, jarrabawar kuma ta kwamfuta ce, canki-canka. Ta yaya za a auna tunani da ita?

Ana iyawa zuwa wani mataki, matuƙar an san iyakarta. Matsalarta ta farko caca: tambaya 40 masu zaɓi huɗu, wanda bai buɗe littafi ba yana sa ran cin kusan 10. Ta biyu, ɗalibi yana iya ɗauko amsoshin ɗaya bayan ɗaya yana zuba su cikin tambayar har ɗaya ta zauna. Wayo ne, amma ba shi muka zo aunawa ba.

Gyara biyu nake ba da shawara. Na farko, kowace amsar ƙarya ta fito daga kuskuren da aka san ɗalibai suna yi. A tambayar dankali dole 50,000 ta kasance cikin zaɓi, a ta mota dole 50 ta kasance. Idan aka yi haka, ko amsar da ɗalibi ya faɗi da ita tana ba ka labarin inda tunaninsa ya karkace. Na biyu, a yi tambaya mai hawa biyu: hawan farko ya zaɓi amsa, hawa na biyu ya zaɓi dalili, ba maki sai ya ci duka. Damar mai caca ta sauko daga ɗaya cikin 4 zuwa ɗaya cikin 16.

Duk da haka, ra'ayina shi ne kada ɗalibin kimiyya ko injiniya ya gama aji ɗaya ba tare da wani malami ya karanta hujjar da ya rubuta da hannunsa ba, ko shafi guda ne. Idan ajin ya yi yawa, a raba wa mataimakan malamai da 'yan digiri na biyu, a ba su tsarin maki ɗaya.

Amsata daidai ce, ta abokina ba daidai ba ce, amma ya fi ni maki. Wannan ba zalunci ba ne?

Zai iya zama adalci tsantsa. Tun a WAEC masu duba takarda suna raba maki gida-gida: akwai makin hanya, akwai makin daidaiton amsa, kuma a ƙa'ida na biyun yana rataye ne a wuyan na farko. Abokinka ya shimfiɗa hanya mai kyau, ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe ya rubuta 7 × 8 = 54, ya rasa maki ɗaya. Kai ka ajiye amsa tsirara babu inda ta fito. Mai dubawa bai san ko daga kanka ta fito ba, ko daga kalkuleta, ko daga takardar na kusa da kai.

Ga yadda nake raba maki huɗu a tambayar "nuna cewa idan aka haɗa lambobin mara guda biyu, kamar 3 da 5, cika ake samu." Wanda ya kawo misalai kawai, 3 + 5 = 8, 7 + 9 = 16, maki ɗaya. Wanda ya rubuta lambobin biyu duka a matsayin 2a + 1, maki biyu: ya gane siffar lambar mara, amma lamba ɗaya ya haɗa da kanta, bai taɓo 3 + 7 ba. Wanda ya rubuta 2a + 1 da 2b + 1 ya haɗa ya samu 2a + 2b + 2 ya tsaya, uku. Wanda ya ƙarasa ya ce wannan shi ne 2(a + b + 1), don haka tana rabuwa biyu, huɗu. Ya kamata a nuna wa ɗalibai irin wannan tsari tun makon farko. Ɓoye shi ba ya ƙara wa jarrabawa daraja.

Na gwada ƙa'ida da lambobi har goma, duk ta yi. Me ya sa malam ya ce ban kawo hujja ba?

Saboda lambobi ba su ƙarewa. Leonhard Euler ya lura da n² + n + 41. Sa sifili ka samu 41, sa 1 ka samu 43, sa 2 ka samu 47, duk lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Haka za ta yi ta ba ka har zuwa 39, sau 40 a jere ba fashi. Ka sa 40, sai ga 1,681, wadda ita ce 41 × 41. Misali dubu ba ya tabbatar da ƙa'ida, misali ɗaya yana rusa ta. Gwajin da ka yi ba asara ba ne, da shi ake hango ƙa'ida. Hujja ita ce bayanin da ya sa dole abin ya kasance haka ga kowace lamba, har wadda ba wanda zai taɓa rubutawa.

Na fahimci abin da Hausa, Turancin tambayar ne yake kayar da ni. Ana la'akari da wannan?

Ba kamar yadda ya kamata ba. Ajin lissafi a Jos yana ɗauke da Bahaushe da Birom da Angas da Tarok da Afizere da Ibo da Bayarabe, kuma da an fito daga lakca, bayanin da ake yi wa juna a gindin bishiya rabinsa da Hausa ne. Nan ake fahimta. A ɗakin jarrabawa kuma sai a tarar da jimla mai layi huɗu da "at most" da "unless" a ciki. Idan ɗalibi ya faɗi, ba mu san ko lissafin ne ya kayar da shi ko jimlar ba, kuma wannan aibin jarrabawar ne.

Nauyin malami shi ne ya gajarta jimla, ya cire kalmomin burga, ya sa zane inda zane zai taimaka, ya kuma ba wani abokin aiki ya karanta kafin a buga. Idan ina tantamar ɗalibi nakan kira shi ofis in ce ya yi mini bayani da harshen da ya fi masa sauƙi. Amma kai ma akwai naka: ƙananan kalmomin mantiƙi, irin su "idan," "sai idan," "ga kowane," "akwai wani," "aƙalla," cikin lissafin suke. Da Turanci za ka rubuta furojet, da shi za ka kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Ka ware musu shafi a littafinka.

Ni sabon malami ne. Yaya zan san jarrabawar da na shirya tana auna abin da nake nufi?

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka zana jadawali: batutuwa a gefe, matakan tunani a sama. Rabon da masu binciken ƙasa da ƙasa na TIMSS suke amfani da shi ya wadatar, wato sani, aiki da sani, da kafa hujja. Rabon Benjamin Bloom na 1956 da aka koya maka a kwas ɗin ilimi mai hawa shida ne, yana da amfani, amma ukun nan sun fi sauƙin riƙewa. Da ka jera tsofaffin tambayoyin sashenku a jadawalin za ka ga yadda gidan ƙarshe yake zama fayau.

Bayan an gama dubawa, ka jera takardu daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Ɗebi kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa. A aji mai mutum 200, 54 ke nan kowane ɓangare. A ce tambaya ta biyar mutum 45 na sama sun ci, 15 na ƙasa sun ci: bambanci 30, raba da 54, ka samu kusan 0.56. Tambaya ce mai rarrabewa. Idan sakamakon ya kusa sifili, ba ta gaya maka komai. Idan na ƙasa sun fi na sama ci, koma ka karanta ta da kyau, ko dai lafazinta yana da harshen damo, ko amsar da ka ajiye ce ba daidai ba.

Abu na ƙarshe, ka ɗauki takardu kaɗan ka ba abokin aiki ya duba ba tare da ya ga makinka ba. In kuka yi nisa da juna, tsarin makin ne bai fito fili ba, ku zauna ku gyara kafin ka ci gaba.

Yanzu da ChatGPT da Photomath suke warware komai, aikin gida yana da sauran amfani?

A matsayin motsa jiki, yana da shi. A matsayin shaida kan abin da ɗalibi ya iya, ya yi rauni tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kodayake kwafar asamen ta girmi wayar hannu. Abin da yake aiki shi ne kare aiki da baki. Minti biyar sun isa: me ya sa ka raba da wannan a layi na uku? In na mayar da 5 ɗin nan ta zama −5, me zai sauya? Wanda ya yi da kansa zai amsa ko da inda-inda. Wanda ya kwafa zai tsaya yana kallon takardar kamar yau ya fara ganinta.

Wata dabarar ita ce ka kawo amsar na'urar cikin aji ka ce a duba ta a ba ta maki. Takan yi kuskure cikin tsararren lafazi mai gamsarwa, kuma gano irin wannan kuskure shi ne ainihin abin da muke son koyarwa.

Ni likitanci nake karanta, ƙawata kuma shari'a. Ina ruwanmu da wannan?

Malama, ga naki. Cuta tana kama mutum ɗaya cikin 100. Gwajinta yana gano kashi 90 na masu ita, yana kuma yi wa kashi 10 na masu lafiya ƙarya. An gwada mutum, gwaji ya ce yana da ita. Mene ne yiwuwar da gaske ne? Ɗauki mutum 1,000. Goma suna da cutar, gwaji zai kama 9. Masu lafiya 990, gwaji zai yi wa 99 ƙarya. Waɗanda gwaji ya nuna 108 ne, masu cutar cikinsu 9, wato wajen kashi 8 cikin ɗari. Likitan da ya ce wa marar lafiya kashi 90 ya ɗaga hankalin gida guda a banza.

Ƙawarki kuma ta tambayi malaman fara'ili, wato ilimin rabon gado. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, babu ɗa. Miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. A kan asalin 6, nasa 3, nasu 4, jimla 7, rabo ya fi dukiya. Maganin da aka bi tun zamanin Sayyidina Umar shi ne auli: a mayar da asalin 7, miji ya karɓi uku bisa bakwai, su huɗu bisa bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Wanda ya haddace kason kowane magaji kaɗai, a nan zai cije.

Irin wannan tunani ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami daga Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina hatimi. Ga tambaya daga wannan fage da nake jin daɗin bayarwa: a hatimi mai gida tara da aka zuba 1 zuwa 9 ta yadda jimlar kowane layi ɗaya ce, a kwance, a tsaye da kusurwa zuwa kusurwa, me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Jimlar lambobin 45 ce, layi uku, kowane layi 15. Layuka huɗu ne suke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 da aka samu a kan 45 ita ce ta tsakiya sau uku, don haka 5 ce. Ba a buƙatar kalkulas, amma ana buƙatar duk abin da muke magana a kai.

Gaskiya ne wasu ba a halicce su da kan lissafi ba?

Mutane sun bambanta wajen sauri, kuma akwai 'yan kaɗan da suke da larura ta musamman wajen gane lambobi. Yawancin masu faɗin haka kuwa, tsoro ne ko wani gurbi da aka bari tun firamare, galibi a kan ɓangarorin lamba irin su rabi da kwata. Tsoro yana cinye hankalin da ya kamata a yi aiki da shi, shi ya sa jarrabawa mai ƙurarren lokaci takan auna natsuwa fiye da tunani. Tambaya huɗu masu zurfi cikin awa biyu sun fi goma na tsere.

Wa yake tsara yadda ake auna mu, malami ko gwamnati?

Duka biyu. Kowace irin makaranta tana da hukumar gwamnati mai kula da ita: jami'o'i suna ƙarƙashin NUC, kwalejojin kimiyya da fasaha NBTE, kwalejojin ilimi NCCE. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A makarantu da yawa maki 30 na gwaje-gwajen cikin zango ne, 70 na jarrabawar ƙarshe. Hukuma ba ta rubuta wa malami tambaya. Wannan maki 30 kuwa a hannunsa yake, kuma nan ne filin gwajin baki, da aikin rukuni, da neman ɓaraka. Takaici shi ne yadda ake yawan ƙarar da shi a kan tes guda da makin halarta. Ɗalibin da yake son ya gwada ƙarfinsa a waje da makarantarsa ya tambayi sashensu game da gasar 'yan jami'a da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a yankin Kwali na Abuja, take shiryawa.

Yaya zan auna kaina kafin jarrabawa?

Rufe littafi, ɗauki farar takarda, rubuta ƙa'idar da dalilinta. Kafin ka fara kowane lissafi, yi kirdadon amsar: za ta fi 100 ko ba za ta kai ba? In ka gama, sauya sharaɗi ɗaya ka ga abin da zai rushe. Ka nemi misalin da ƙa'idar ba ta aiki a kansa. Sannan ka koya wa wani, ka ba shi izinin ya riƙa tare ka da "don me?" Inda ka ji bakinka ya ce "haka dai ake yi," yi alama a wurin, nan ne karatun gobe zai fara. Tambayoyin shekarun baya a bar su zuwa ƙarshe, a yi su da agogo, ba tare da an leƙa amsa ba.

Idan na tabbata an tauye mini maki fa?

Fara da malamin kwas ɗin, cikin ladabi, ka roƙi ya duba ko an yi kuskure wajen tara maki ko wajen shigar da na gwajin cikin zango, don a nan aka fi samun matsala. In bai warware ba, ka je wurin jami'in jarrabawa na sashe, sannan shugaban sashe, a rubuce, ka riƙe kwafi. Manyan makarantu suna da tsarin neman a sake duba takarda, yawanci da kuɗi da kuma wa'adi, ka duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku tun kafin lokaci ya ƙure. Ka sani cewa mai sake dubawa abin da ke kan takarda kaɗai zai karanta, kuma makin yana iya hawa, yana iya zama yadda yake, yana iya sauka.